Butar Ulan

Mu shida muka bar Karakol kafin gari ya waye,
kowa da gidansa a gadon baya:
tanti, bargo, igiya, busasshen cuku.
Ulan kuwa ya ƙara da butar mahaifinsa,
baƙa ƙirin, duk ta lotse,
wai shayi ba ya daɗi a cikin wata.
Muka yi ta masa dariya.
Bakit ya ce, "Ka manta da murhun kakarka."

Mota ta tsaya inda hanya ta gaji.
Daga nan sai ƙafa.

Dusar ƙanƙara ba ta magana sai an taka ta:
ƙurus, ƙurus,
kamar doki na tauna sha'ir cikin duhu.
Na gaba ya nutse har gwiwa, ya fasa mana hanya,
in ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa.
Ba wanda ya tsara mana haka.
Dutse ne ya koya mana.

Da dare na cika tukunya maƙil da farar dusa,
ta narke, ta koma ruwa ɗan kurɓi uku.
Na ce, ashe alkawarin dutse ke nan.
Muka kwanta rungume da takalmanmu don kada su daskare,
numfashinmu ya hau rufin tanti ya zama gari,
duk wanda ya motsa, sai ya zubo mana a fuska.

Rana ta biyu tukunyar ta suɓuce wa Temir.
Muna tsaye cirko-cirko
ta gangara kwazazzabo tana ƙyalli, tana ƙara,
har ƙarar ta gaji da zuwa kunnenmu.
Ba wanda ya kalli Ulan.
Shi ma bai ce uffan ba.

Rana ta uku, ga mashigin can,
tafiyar awa guda, sama shuɗi garau,
shekara biyu muna zancensa a kan teburin Jirgal.
Sai Mirgul ta ce, a hankali,
kamar mai roƙon a miƙo mata gishiri,
"Ba na jin yatsun ƙafata."

Jirgal ta zare mata safa.
Fari fat, kamar kyandir.
"Kada wanda ya murza," in ji ta.
Na zauna a kan jakata, na buɗe riga, na buɗe ta ciki,
na ɗora tafin ƙafarta a kan cikina,
cikin nan da ya ɗauki 'ya'ya uku
bai taɓa ɗaukar sanyi irin wannan ba.
Haƙorana suka kama rawa.

Maza suka tsaya suka ba iska baya.
Risho ya yi gardama, ya yi tari, ya kama.
Ulan ya durƙusa, ya ɗora tsohuwar,
yana ciyar da ita dusa da hannu biyu
har ta fara guna-guni ta hanci.

Can Mirgul ta ƙwalla ihu.
Jini ya dawo, da wuƙaƙensa.
Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.
Bakit, ƙato da gemu mai ƙanƙara,
ya juya wai yana duba taswira.

Ba mu yi shawara ba.
Muka sha shayin, kofi ɗaya yana zagawa,
muka ɗaure kaya, muka ba mashigin ƙeya.
Yana nan. Ba ƙafa gare shi ba.

A gangara, sawunmu na jiya ya cike,
sai na wata akuyar dutse da ya ratsa shi.
Wajen rafin da ya daskare
na ji Bakit a bayana, murya ƙasa-ƙasa:
"Ulan, kafaɗarka ta gaji.
Kawo butar in ɗan riƙe maka."